Yadda ake samun fili don aikin ruwa da wuta a ƙasar Aborijin ta Yankin Arewa na Ostiraliya

Duk wanda aka ba aikin haƙa rijiyar burtsatse, ko girke janareta, ko gina ƙaramin asibiti a ƙauyen Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, da ke Yankin Arewa na Ostiraliya, tambayar farko da mai ba da kuɗi zai yi masa ita ce: ina takardar hayar filin? Tun wajajen 2007 gwamnatin tarayya ta ɗauki matsayin cewa ba za ta zuba kuɗi a gini na dindindin ba sai an samu haya mai tsawon zango. Dalilin yana cikin dokar ƙasar. Abin da aka kafa a ƙasa na mai ƙasar ne. Idan ka gina tanki ba tare da takarda ba, tankin ya zama na masu filin, kuma babu wanda doka ta ɗora wa gyaransa ranar da ya fara yoyo. Shekaru da dama haka aka yi ta gine-gine a ƙauyukan nan, kowa ya gina ya tafi.

Fara da sanin irin ƙasar da kake kai

Yawancin wuraren da a da ake kira keɓaɓɓun filayen Aborijin, irin su Arnhem Land, sun koma hannun masu su ne ta Dokar Haƙƙin Filaye ta 1976. Doka ce ta tarayya, ta biyo bayan binciken Mai Shari'a Edward Woodward na 1973 zuwa 1974. Yau kusan rabin faɗin Yankin Arewa yana ƙarƙashinta, haɗe da mafi yawan gaɓar tekunsa. Ƙasa ce da ba a sayarwa, ba a kuma jinginar da ita. Wanda ya saba da Dokar Amfani da Filaye ta Najeriya ta 1978, inda gwamna zai iya soke takardar mallaka saboda amfanin jama'a, sai ya ajiye wannan tunanin gefe: sashe na 67 na dokar 1976 ya hana gwamnatin Yankin Arewa ƙwace wannan ƙasa, ko da aikin ruwan sha za ta yi a kai.

Amma ba kowane ƙauye ne ke kan irin wannan ƙasa ba, kuma a nan mutane da yawa ke yin ɓatan kai. Akwai ƙananan filayen zama da aka yanko daga cikin manyan gonakin kiwon shanu, kamar Laramba da aka cire daga gonar Napperby. Waɗannan ƙungiyar mazauna ce ke riƙe da takardarsu, dokokin Yankin ne ke kula da su, kuma sai a 2013 aka sassauta takunkumin ba da hayarsu. Akwai unguwannin gefen gari na Alice Springs, waɗanda ƙungiyoyin gidaje ke riƙe da su, aka kuma ba gwamnati hayar shekara 40 a kansu a 2009. Sannan akwai garuruwan da aka ba da hayarsu ɗungurungum a ƙarƙashin sashe na 19A, wanda aka shigar cikin dokar 1976 ɗin a 2006: Wurrumiyanga a tsibiran Tiwi ita ce ta farko a 2007 da shekara 99, sai Gunyangara a 2017 da Jabiru a 2021, inda ƙungiyoyin masu ƙasar da kansu ke riƙe da babbar hayar. A irin waɗannan garuruwa, wurin mai riƙe da babbar haya za ka nemi ƙaramar haya, ba wurin Majalisar Filaye mai wakiltar masu ƙasar Aborijin ba.

Don haka kafin komai, nemi bayanin mallaka daga ofishin rajistar filaye na Yankin, ka haɗa shi da taswirar ƙauyen ta gwamnati mai nuna lambobin fulotai. Ka lura cewa yawancin lambobin nan na gudanarwa ne kawai. Fuloti mai lamba a taswira ba lalle ne an taɓa auna shi an kafa masa duwatsu ba. Ka kuma bincika ko tsohon ginin da ke wurin yana cin gajiyar sashe na 14, wanda ya bar wa gwamnati ci gaba da amfani da wurin da take kai tun kafin a mayar da ƙasar. Wannan haƙƙi na tsohon wurin ne, ba ya bin ka zuwa sabon fili. Hayar dole ta shekara biyar da gwamnatin John Howard ta ɗora wa ƙauyuka 64 a 2007 kuwa ta ƙare tun 2012, kada wani ya nuna maka ita a matsayin hujja.

Su wa ke da ta cewa

Takardar mallaka tana hannun Kwamitin Amintattu na kowace ƙasa, amma kwamitin ba ya sa hannu sai da umarnin Majalisar Filaye. Majalisun huɗu ne: ta Arewa mai hedkwata a Darwin, ta Tsakiya a Alice Springs, ta Tiwi, da ta Anindilyakwa a tsibirin Groote Eylandt. Ita ma majalisar hannunta a ɗaure yake. Sashe na 19 ya hana ta ba da umarni sai ta gamsu da abu uku: masu ƙasar na gado sun fahimci abin da ake son yi kuma sun amince a ƙungiyance, an tuntuɓi sauran jama'ar Aborijin da abin zai shafa an ba su damar faɗin ra'ayinsu, sharuɗɗan hayar kuma masu ma'ana ne.

Abin da ya kamata baƙo ya riƙe da kyau shi ne, masu ƙasa daban, mazauna daban. Yawancin garuruwan nan tsofaffin matsugunan mishan ne ko na gwamnati, inda aka tattaro dangogi da harsuna daga wurare masu nisa aka zaunar a ƙasar dangi guda. A Wadeye ko Maningrida, mafi yawan waɗanda za su sha ruwan rijiyarka ba su ne ke da ikon cewa a haƙa ta ba. Amincewa ta masu gado ce, mazauna kuwa jin ta bakinsu ake yi. Shugaban ƙaramar hukuma, da manajan shago, da dattijon da ya tarbe ka a filin jirgi ya ce maka babu matsala, duk babu wanda maganarsa ta zama izini a doka.

Cikin masu gadon ma akwai tsari. A wajen ƙabilar Warlpiri, waɗanda suka gaji ƙasa ta wajen uba ana ce musu kirda, waɗanda ke da alaƙa da ita ta wajen uwa kuma kurdungurlu, su ne masu sa ido a kan yadda ake tafiyar da ita. Taron da aka yi babu ɓangare guda, ana iya dawowa a rushe shi. Sashe na 77A ya ce a bi hanyar yanke shawara ta gargajiya inda take, in babu sai a bi wadda mutanen suka amince da ita. Tantance wanda ya kamata ya zauna a taron aikin masana al'adu ne na majalisar. Kada ka ce za ka taya su.

Neman hayar kanta

Majalisun suna da fom na neman amfani da fili. Abin da ke sa takarda ta yi sauri shi ne ta zo cikakkiya tun farko: taswira mai lambobin GPS, girman fili, zanen abin da za a gina, tsawon hayar da ake so, wanda zai riƙe hayar, wanda zai biya kuɗin aikin, da wanda zai ci gaba da kula da shi. Yawanci mai nema ne ke ɗaukar kuɗin taron tuntuɓa, wato mota, mai, abinci, wani lokaci har da hayar ƙaramin jirgi don ɗauko masu gado da ke zaune nesa. Ka sa wannan a kasafi tun farko.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman filin babban gini kaɗai a manta da jelarsa. Aikin ruwa yana da rijiya, da hanyar mota zuwa rijiyar, da layin wuta, da bututun da zai iya yin kilomita da yawa kafin ya iso tanki, da wurin zubar da gurɓataccen ruwan tacewa, da ramin da za a ɗebi tsakuwa, da sansanin ma'aikata. Kowanne sai da izini, ko haya ko lasisi. Idan kaya ta teku za su zo, wurin sauke su ma yana ciki, domin hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 2008 a shari'ar Blue Mud Bay ya tabbatar da ikon masu ƙasa a kan gaɓar da ruwa ke rufewa yana janyewa. Duk abin da ka manta, sabon taro ne, sabon jira.

Ka je taron da tafinta. Gwamnatin Yankin tana da hukumar tafintoci ta harsunan Aborijin, kuma ga mutane da yawa Turanci harshe na uku ne ko na huɗu. Shiru ko gyaɗa kai a taro ba amincewa ba ne. Babbar taswira da hoton sama sun fi takarda mai shafi talatin amfani, zuwa wurin da ƙafa tare da mutanen kuma ya fi duka.

Bayan taro, sai ma'aikatan majalisa su kai batun gaban zaman majalisar ko kwamitin zartarwarta, waɗanda ke zama sau kaɗan a shekara. In ka kuskure zama ɗaya, sai na gaba. Hayar da ta wuce shekara 40 tana buƙatar sa hannun ministan tarayya, shi ya sa hayar gidajen gwamnati da ta gine-gine da yawa ke tsayawa daidai kan 40. Haka kuma dokar tsara gari ta Yankin tana ɗaukar hayar da ta wuce shekara 12 a matsayin raba fili, wanda kan jawo awon safiyo da neman izinin tsarawa, sai dai in akwai sassaucin da ya shafi wurin. Ka ware aƙalla wata shida daga miƙa fom zuwa sa hannu, sau da yawa ma ya fi haka.

Wurare masu alfarma

Wannan izini ne mai zaman kansa, samun haya ba ya ɗauke shi. Dokar Wurare Masu Alfarma ta 1989 ta sa shiga irin wurin ko yin aiki a kansa ya zama laifi, ko an yi masa rajista ko ba a yi ba. Hukumar kare wuraren ce ke ba da takardar shaida bayan ta zagaya da masu kula da wurin, kuma wannan takarda ce ke kare ka a kotu muddin ka tsaya kan sharuɗɗanta. Majalisar Tsakiya ma tana ba da tata takardar wanke fili a ƙasashen da take kula da su. Wurin na iya zama bishiya guda, ko tarin duwatsu, ko busasshen rafi da ba za ka kalla sau biyu ba. Wasu na maza ne zalla, wasu na mata, shi ya sa zagayen kan kasu biyu. Ba za a gaya maka labarin wurin ba, iyaka kawai za a shata maka. A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hukumar tarayya mai kula da gandun daji ma ana iya gurfanar da ita a ƙarƙashin wannan doka, saboda hanyar ƙafa da aka gina a Gunlom cikin gandun dajin Kakadu. Ka ba direban katafila kwafin taswirar da hannunka, ka kuma ɗaura ƙyalle a kan iyakar kafin injin ya tashi, domin ɓarnar yawanci wajen juya mota ko neman gajeriyar hanya take faruwa.

Abin da za a rubuta cikin takardar

Kuɗin haya yawanci daga darajar filin ba tare da gini ba ake lissafa shi, gidajen jama'a kuwa kan zo da haya ta jeka-na-yi-ka. Majalisa ce ke karɓa, doka kuma ta ba ta wata shida ta miƙa wa masu ƙasar ko ta kashe don amfaninsu. A kan kuɗin nan ake yawan ja-in-ja, alhali ba shi ne ke kashe aiki ba. Sassan da ya kamata a zauna a kansu su ne: wa ke gyara, cikin kwana nawa, da kuɗin wa, wa ke biyan inshora, wa ke da ikon shiga da dare idan famfo ya tsaya, me zai faru da ginin idan haya ta ƙare, wa zai share ƙasa idan dizal ya malala, da ko ana iya miƙa hayar ga wata hukuma ba tare da sabon taro ba.

Ka tabbatar wanda zai gudanar da aikin ya amince a rubuce zai karɓe shi. A ƙauyuka 72 na Yankin, wuta da ruwa da magudanar najasa suna hannun Indigenous Essential Services, reshen kamfanin gwamnati na Power and Water. Suna da nasu ƙa'idojin gini, kuma ba dole ba ne su karɓi abin da aka gina ba da saninsu ba. Shara da titunan cikin gari na ƙananan hukumomi ne, waɗanda aka haɗe a 2008 suka zama manyan gundumomi. Ƙananan matsugunan daji kuwa, masu gida biyar ko goma, yawancinsu suna wajen wannan tsari, sun dogara ne da ɗan tallafin shekara-shekara ta hannun ƙungiyoyi masu kwangila. A can ne aka fi ganin faifan sola da batirinsu ya mutu babu mai canzawa.

Ruwa

Kada ka nemi dogon haya kafin ka san akwai ruwa. Nemi gajeren lasisin bincike tukuna, a haƙa rijiyar gwaji da mai haƙa rijiya mai lasisi, a ja ruwa ba tsayawa na awa 24 zuwa 72 ana auna yadda yake sauka da yadda yake dawowa. Dokar Ruwa ta 1992 tana buƙatar izinin haƙa a yankunan da aka ayyana, da lasisin ɗiba idan yawan ya kai. A yi rijiya biyu aƙalla, ɗaya na aiki ɗaya na jira, a kuma nisanta su da kududdufan najasa, da juji, da maƙabarta, da tankin mai.

Gwajin ruwa iri biyu ne. Na ƙwayoyin cuta: kada a samu E. coli ko ɗaya cikin mililita 100. Na sinadarai kuwa shi ne ciwon kan tsakiyar Ostiraliya, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya daɗe kwance cikin duwatsu. Ƙa'idar ƙasar ta sa iyakar fulorayid a miligiram 1.5 cikin lita, asenik 0.01, naitiret 50 ga jariri ɗan ƙasa da wata uku. Tafasa ruwa ba ya cire ko ɗaya daga cikinsu, ƙara musu kauri ma yake yi. A Laramba yuraniyom ya kai kusan ninki uku na iyaka, aka yi shekaru ana sha kafin a buɗe matatar ruwa a 2023. A shekarar ne kuma Babbar Kotun Yankin ta yanke cewa hukumar gidaje, a matsayinta na mai gidan haya, ita ke da alhakin samar wa 'yan hayarta ruwa mai lafiya. Sai da aka je kotu ne saboda dokar da ke kula da ingancin ruwan famfo a Yankin tana aiki ne a garuruwa masu lasisi, ƙauyukan nan suna wajenta. Saboda haka ka rubuta ƙa'idar ingancin ruwa cikin yarjejeniyarka ƙarara, tare da yawan gwaji da wanda za a ba sakamakon.

Na'urar tace gishiri da sinadarai tana zubar da wani kaso na ruwan da ta sha, kuma wannan ruwa sai an yi masa tafkin da rana za ta busar da shi. A wuri irin Yuendumu da ruwan ƙasa ke ja da baya, wannan asara abar lissafi ce. Bututun da aka binne sama-sama yana ɗumama ruwa, kulorin ya gudu, ƙwayar Naegleria mai kama ƙwaƙwalwa kuma tana son ruwan da ya haura digiri 25. A kiyaye ragowar kulorin a kan miligiram 0.5 cikin lita har ƙarshen layi, a can ake aunawa, ba a bakin tanki ba. Ruwa mai tauri, wato mai yawan sinadarin alli da ya haura miligiram 200 cikin lita, yana toshe kan famfo da tukunyar ruwan zafi da na'urar sanyaya ɗaki. Famfo mai ɗiga da masai mai zuba dare da rana a gidaje ɗari suna iya shanye rijiya guda. Masu saurin ɗora laifi a kan mazauna su duba alƙaluman Healthabitat, ƙungiyar da ta duba dubban gidaje: cikin abubuwan da suka lalace, abin da ɓarnar ganganci ta jawo bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, sauran rashin gyara ne a kan kari da mugun aiki tun wajen gini.

Wajen lissafin buƙata, kada ka dogara da ƙidayar jama'a kaɗai. Gida mai ɗaki uku na iya ɗaukar mutum goma sha biyar, zaman makoki ko bikin al'ada ko gasar ƙwallo kuma kan cika gari na makonni. Sabbin gidaje ma suna tafe, tunda a 2024 gwamnatocin biyu sun sanar da dala biliyan 4 na shekara goma don gidajen karkara, kuma gida ba ya ginuwa inda rijiya ta gaza.

Wuta

Yawancin ƙauyukan ba sa kan babban layi, tashar dizal ce ke ba su wuta. A girke injuna masu girma daban-daban yadda in babban ya tsaya sauran za su ɗauki gari. Janaretan da ke aiki ƙasa da kusan kashi 30 na ƙarfinsa na dogon lokaci yana tara baƙin mai ya lalace da wuri, wannan ne ke taƙaita yawan solar da za a iya haɗawa in babu batir. Shirin sola na Yankin da ya girke megawat 10 a ƙauyuka sama da ashirin ya nufi rage dizal da kusan kashi 15 ne kawai, sai a Daly River da aka haɗa da batir aka nufi rabi. Filin sola yana cin ƙasa sosai, ka nemi wurin faɗaɗawa tun a hayar farko. Katangar da ke kewaye tankin mai ta iya riƙe kashi 110 na tanki mafi girma. A arewa, damina daga Nuwamba zuwa Afrilu tana yanke hanyoyi na watanni, don haka girman tanki ya bi tsawon yankewar hanya.

Gidaje kuwa mita mai kati gare su, kuɗi na ƙarewa wuta ta ɗauke. Wani bincike a kan gidaje 3,300 a ƙauyuka 28 ya gano kashi 91 an yanke musu wuta aƙalla sau ɗaya a shekarar kuɗi ta 2018 zuwa 2019, kashi 74 kuma fiye da sau goma, abin ya fi tsanani a ranakun zafi da na sanyi. Inda ake ajiye insulin a firji wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada famfon rijiya ko na najasa ko firjin asibiti ya rataya a kan mitar wani gida, a ba su layinsu. A tanadi wurin sayen kati fiye da ɗaya, domin shagon gari kan rufe a ƙarshen mako.

Lokacin shiga aiki

'Yan kwangila suna buƙatar takardar izinin shiga daga majalisa, kowa da sunansa. Ƙauyuka da yawa an haramta giya a cikinsu, kwalba ɗaya a mota na iya jawo kamu da korar ma'aikaci. Idan aka yi rasuwa, ana iya rufe hanya ko unguwa, taro ya tsaya, kuma a wurare da yawa ba a ambaton sunan mamaci na wani lokaci. Ka sa kwanakin jira cikin kwangila don kada ɗan kwangila ya matsa wa mutane a lokacin makoki. A arewa ana gini ne daga Mayu zuwa Oktoba, wanda ke nufin hayar da aka sa wa hannu a Satumba ta riga ta rasa shekarar.

Kafin a sallami ɗan kwangila, mai kula da injuna na ƙauyen, wanda shi ne zai riƙa auna kulorin yana duba mai kullum, ya zagaya aikin tare da shi. A bar masa zanen yadda aka binne bututu a zahiri, da makullai, da kayan gyara na abubuwan da suka fi saurin lalacewa, da lambar wanda zai kira. A aika kwafin zanen ga Majalisar Filaye, a kuma yi rajistar hayar a ofishin filaye. Kashi na ƙarshe na kuɗin kwangila a riƙe shi har aikin ya ga damina ɗaya da bazara ɗaya.